Kafin ka zuba kuɗinka a "ingantaccen iri" na karfasa, karanta wannan

1/ Matasa da yawa sun fara juyawa daga kiwon tarwaɗa zuwa karfasa, kuma kowane mai sayar da ƴaƴan kifi sai ya ce maka nasa GIFT ne. Ra'ayina: sunan iri kaɗai ba ya cika kwando. Bari in yi bayani, zaren na da ɗan tsawo.

2/ Mene ne GIFT ɗin? A 1988 aka fara aikin a ƙasar Filifin, ƙarƙashin cibiyar ICLARM wadda yanzu ake kira WorldFish, tare da masana daga Norway. Suka haɗa iri 8 na karfasar Nilu: 4 daga gonakin Asiya, 4 kuma daga ruwan Afirka, wato Masar, Ghana, Kenya da Senegal.

3/ Eh, ka karanta daidai. Kifin namu ne, aka kwashe shi aka kai Asiya aka gyara, yanzu muna layin sayensa da dala. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum barci.

4/ Kuma ba wani sinadari aka cusa masa ba, ba a taɓa ƙwayar halittarsa a ɗakin gwaji ba. Zaɓe ne kawai, irin wanda makiyayi ke yi in ya ware bijimi mai kyau don barbara. Kowane zubi a auna, a ɗauki dangin da suka fi saurin girma su zama iyaye. Bayan zubi biyar zuwa shida, saurin girma ya ƙaru da kusan kashi 85 cikin 100 a kan kifin da aka fara da shi.

5/ Don haka masu cewa "ai duk kifi kifi ne, abinci ne kawai" ba su da gaskiya. Tun a gwajin farko, da aka sa irin 8 ɗin a wurare daban-daban, na Masar yana cikin waɗanda suka fi girma, na Ghana kuma ya zo baya. Ruwa ɗaya, abinci ɗaya, jini ya bambanta su.

6/ Amma fa ga inda ake yaudarar mutane. Wancan adadin an same shi ne a wuri mai ɗumi, da ruwa mai kyau, da kulawa. Iri yana ba kifi damar girma ne kawai. Ko zai kai can ko ba zai kai ba, kududdufinka ne zai yanke hukunci.

7/ Ɗauki zafin ruwa. Karfasar Nilu ta fi son digiri 27 zuwa 30. In ruwa ya sauka ƙasa da 20 sai ta rage cin abinci, girma ya kusa tsayawa. In ya kai wajen 11 ko 12, mutuwa ake magana. Yanzu ka tuna sanyin asubar Janairu a Jos, ko ƙaramin kwamin siminti a Kano lokacin hunturu. Kifin da aka zaɓa a Filifin da Malesiya bai san wannan ba.

8/ Haka iska a cikin ruwa. Kifi mai saurin girma ci gare shi, kuma mai ci da yawa yana buƙatar oksijin da yawa. Ka cunkusa shi a kwami, ba injin iska, wutar ma sai an ga dama, ka kuma rage abinci saboda buhu ya yi tsada. Tazarar da ke tsakaninsa da na gida sai ta ragu, kai kuwa ka riga ka biya kuɗin tazarar.

9/ A yi adalci dai: in wuraren sun yi kama, misali kududdufin ƙasa da keji a ruwa mai ɗumi, iri mai kyau yawanci yana riƙe matsayinsa. Sai bambancin ya yi nisa, kamar sanyi ko ruwan gishiri, lissafin ke rikicewa.

10/ Shi ya sa abin da Masar ta yi ya fi burge ni. Suna da sanyi mai kashe kifi, sai aka fara zaɓen iri daga karfasarsu ta gida a Abbassa tun farkon shekarun 2000, a cikin yanayinsu. Masar ce kan gaba a noman karfasa a Afirka, tana fitar da kusan tan miliyan ɗaya a shekara. Ghana ma, wadda kifinta ya zo baya a wancan gwajin, ta yi nata irin, Akosombo.

11/ Mu kuwa muna da cibiyar binciken kifi a New Bussa, ga Kainji, ga Tiga, ga Dadin Kowa, ga sassan nazarin kifi a jami'o'i. Abin da nake so in gani shi ne a ɗauki GIFT da na gida a gwada su kafaɗa da kafaɗa, da rani da damina da hunturu, a fitar da sakamakon da Hausa kowa ya gani. Wannan ya fi min amfani a kan bikin raba ƴaƴan kifi.

12/ Wata matsalar da ba a cika faɗa ba: iri yana lalacewa. Mai ƙyanƙyasa ya sayar da manyan kifinsa, ya bar ƙananan su zama iyaye, ɗan'uwa ya yi ta barbarar ƴar'uwa shekara da shekaru. Sunan yana nan GIFT, jinin ya tafi.

13/ Sannan maganar jinsi. Namiji ya fi mace girma, ita kuma tana fara haihuwa tun tana ƙarama, ta riƙe ƙwai a baki, ta daina cin abinci. In an haɗa maka maza da mata, nan da ƴan watanni kududdufi zai cika da ƙananan kifi marasa kasuwa, ko wane iri ne.

14/ Kuma kar kwaɗayin iri ya sa ka karɓi kifin da aka shigo da shi ta bayan fage. A ƙarshen 2018 cutar ISKNV ta kashe kifi masu ɗimbin yawa a kejin tafkin Volta. Ƙwayar cuta ba ta neman biza.

15/ In za ka saya, tambayi mai ƙyanƙyasa: daga ina iyayen suka zo, yaushe aka sabunta su, kashi nawa ne maza? Ka nemi ya nuna maka manomi a yankinka da ya girbe kifinsa. Sannan ka fara da kaɗan: kwami biyu, iri biyu, abinci ɗaya, kana auna kifi 30 daga kowanne duk sati biyu kana rubutawa, har hunturu ya shigo ya wuce.