Man Jirgin Sama: Kananzir, Dizal Da Batun Gubar Dalma

A wajen wani taron suna ne wani bawan Allah ya tare ni da tambaya, ya ce injiniya, wai da gaske ne jirgin da ke kai mu gida kananzir yake sha? Na ce masa ƙwarai kuwa. Man da ake kira Jet A-1 kananzir ne da aka tace sosai, wanda ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifili, kuma shi akasarin manyan jiragen fasinja ke sha.

Inda matsalar take shi ne ƙananan jirage masu fistin da fulogi, irin na koyon tuƙi da na feshin gona. Su fetur na musamman suke sha, mai launin shuɗi, sunansa 100LL, kuma har yau akwai dalma a cikinsa domin ta hana injin yin ƙwanƙwasa. Duniya ta rabu da fetur mai dalma na mota a 2021, ƙasar Aljeriya ce ta ƙarshe, amma na jirgi yana nan. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. A 2023 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yanke hukuncin cewa hayaƙin waɗannan jirage haɗari ne ga lafiyar jama'a, ita kuma hukumar jiragen sama ta ƙasar ta sa wa kanta wa'adin ƙarshen 2030 na raba man da dalma. Masu gidaje kusa da ƙananan filayen jirgi, musamman masu yara ƙanana, wannan magana ta shafe ku.

To me zai hana a zuba musu kananzir kawai? Injin fetur ba zai ɗauka ba. Man zai fashe kafin lokacinsa, ya ƙona fistin, kuma galibi hakan na faruwa ne daidai lokacin tashi. An yi asarar rayuka ta irin wannan kuskure. Amma injin dizal, wanda matse iska yake yi har ta yi zafi ba tare da fulogi ba, yana shan kananzir lafiya lau. Jamusawa sun tashi da irinsa, Jumo 205, tun shekarun 1930. Kamfanin Thielert ya farfaɗo da dabarar da injin motar Marsandi da ya gyara, ya karye a 2008, sai kamfanin Diamond na Ostiriya ya ci gaba da nasa injin. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ma ta sayi irin waɗannan jirage, kuma a ganina ta yi daidai, don fetur ɗin jirgi wahalar samu gare shi a Afirka, alhali Jet A-1 yana kowane babban fili.

Shi dizal na mota, wanda a gida muke ce wa gas, wasu injinan an amince su sha shi, sai dai yana yin kauri in sanyi ya yi yawa, ga shi sama akwai sanyi ko da rani ne. Shi ya sa aka fi dogara da kananzir.

Ra'ayina shi ne injin dizal ba zai fitar da Amurka daga wannan matsala ba. Yana da nauyi, yana da tsada, kuma mai tsohon jirgi ba zai canza injin da kuɗinsa ya kusa kai na jirgin ba. Su fetur marar dalma suke jira, irin G100UL da aka amince da shi a 2022, wanda har yanzu bai wadata ba. Amma duk mai ɗan da ke koyon tuƙin jirgi da niyyar komawa gida aiki, shawarata ya nema masa makarantar da ke da jirage masu shan kananzir, ya saba da su tun yanzu.