Murray Leinster: ɗan kasuwar kalmomi da ya hango matsalar amana

A wannan mako filinmu zai leƙa ƙasar Amurka, mu waiwayi wani marubuci wanda ya ɗauki alƙalami a matsayin sana'a, kamar yadda wani ke ɗaukar sikeli ko keken ɗinki. Sunansa na yanka William Fitzgerald Jenkins, amma duniya ta fi saninsa da Murray Leinster. An haife shi ran 16 ga Yuni 1896 a garin Norfolk na jihar Birjiniya, ya rasu ran 8 ga Yuni 1975. Bai kammala makarantar sakandare ba, amma kafin ya cika shekara 20 mujallu sun fara buga abin da ya rubuta.

A zamaninsa akwai wasu mujallu masu araha da ake bugawa a kan takarda mai kaushi, wadda ake yi da markaɗaɗɗen itace. Idan ta daɗe sai ta yi jajaja ta fara kakkaryewa. Leburori da ƴan makaranta da masu jiran jirgin ƙasa su ne masu sayensu, manyan malamai kuwa kallon shara suke yi musu. Marubuci ana biyansa ne bisa yawan kalmomi, sau da yawa santi ɗaya kowace kalma, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dalar Amurka. Duk wanda ke son ciyar da iyali da wannan aiki, dole hannunsa ya yi sauri. Leinster yana da mata da ƴaƴa mata huɗu, don haka babu abin da bai taɓa ba: labaran soyayya, na ƴan sanda, na makiyayan yammacin Amurka, da wasannin rediyo. Gajerun labaransa da maƙalunsa sun haura 1,500.

Amma abin da ya raya sunansa shi ne ƙagaggun labaran kimiyya, waɗanda ke hasashen abin da ilimi da na'urori za su jawo wa ɗan Adam. Ya fara da “The Runaway Skyscraper” a mujallar Argosy a 1919, shekara bakwai kafin a kafa Amazing Stories, mujallar farko da ta keɓe kanta ga wannan fanni. A 1956 ya samu kyautar Hugo, wadda ita ce babbar lambar yabo a wannan fage. Biyu daga cikin labaransa ne suka sa muka kawo shi filin nan, domin dukansu a kan abu ɗaya suke, wato amana.

Na farko shi ne “First Contact”, wanda ya fito a mujallar Astounding a 1945, shekarar da aka gama yaƙin duniya na biyu. Kumbon mutanen duniya ya yi kiciɓis da kumbon wasu halittu masu hankali a can cikin sararin samaniya. Kowane ɓangare yana son zumunci da musayar ilimi, amma babu wanda zai iya juya baya ya tafi gida, don tsoron kada a bi sawunsa a gano inda danginsa suke. Da alama dai sai ɗaya ya hallaka ɗaya. Mafitar da suka samu irin ta ƴan kasuwa ce: kowa ya kwashe taswirorinsa, ya lalata makamansa da na'urorin bin sawu, sannan suka yi musayar kumbo, suka sa ranar sake haɗuwa. Kowa ya koma gida da riba, kuma ba wanda ya samu hanyar cutar ɗan'uwansa. Duk wanda ya taɓa yin ciniki da baƙon da bai sani ba, ya san cewa daɗin baki ba ya isa. Sai an tsara cinikin yadda cin amana ba zai amfani kowa ba.

Na biyu, “A Logic Named Joe”, ya fito a watan Maris 1946. A watan da ya gabace shi ne aka nuna wa jama'a kwamfutar ENIAC, wadda ta cika ɗaki guda, nauyinta kusan tan 30. Amma Leinster ya zana duniyar da kowane gida ke da ƴar na'ura mai madubi da maɓallai, haɗe da manyan rumbunan bayanai, ana kira da ita, ana kallon labarai, ana yin lissafi. Ai wannan ita ce intanet, shekaru da dama kafin a haife ta. Sai aka samu ɗaya daga cikin na'urorin, mai suna Joe, ta ƙuduri taimakon kowa da kowa ba tare da tantancewa ba. Mai son buga kuɗin jabu ta koya masa, mai son fasa banki ta nuna masa hanya, mai son kashe matarsa ba a gane ba ta ba shi dabara. Ba mugunta gare ta ba, biyayya ce kawai marar hankali. Daga ƙarshe wani makaniki ya gano ta, ya kashe ta ya ɓoye a ɗakin ƙasa na gidansa, amma bai iya farfasa ta ba, don zuciyarsa tana raya masa wata rana za ta yi masa amfani.

Ya mai karatu, yau ga na'urorin da ke amsa tambaya sun shigo aljihunmu ta wayar salula. Ɗan kasuwa na aika kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba, ma'aikaci na zuba sirrin ofis cikin inji. Tambayar da wannan marubuci ya yi a kan takardar santi ɗaya tana nan daram: wa aka ba amana, kuma wa zai tsawata masa in ya kauce? Na'ura ba ta da kunya, ba ta da tsoron Allah. Waɗannan biyu sai dai mai riƙe da ita ya zo da su.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.