Wane ne ubangidanka?

Ɗan'uwa mai karatu, ka san mahauta. Ka san a kwata kowane yaro da ubangidansa. In wuƙa ta yanke shi wajen fiɗa, ya san ƙofar da zai dosa. In an danne masa haƙƙi, ga sarkin fawa nan. To, yau zan ba ka labarin wata mayanka inda ma'aikaci bai san ma wa zai kai wa kuka ba. Nesa take, can ƙasar Jamus.

Sunan kamfanin Tönnies, a garin Rheda-Wiedenbrück. Izin ce babba, ana yanka dabba fiye da 20.000 a yini guda. Aladu ne. Na san za ka ce to ina ruwanmu? Dakata tukuna. Bar ta naman, dubi masu riƙe da wuƙar.

Yawancinsu baƙi ne, ƴan ci-rani daga Romaniya da Bulgariya da Polan. Rashi ya fito da su daga gida, kamar yadda yake fitar da namu. Da yawa ba su jin Jamusanci. Kuma a wancan lokaci, a manyan mayankun ƙasar, ba mai izin ke ɗaukar su aiki ba. Ɗan kwangila ne ke zuwa ya kwaso su. Mai izin ya biya ɗan kwangila, shi kuma ya biya ma'aikata. Shi ke ba su wurin kwana, shi ke kai su aiki da mota. A takarda albashin daidai yake da doka. Amma wata na ƙarewa sai cire-cire: kuɗin gado, kuɗin mota, wani wuri har da kuɗin kayan aiki. In ka yi gardama aka kore ka, ran nan ka rasa aiki, ran nan ka rasa ɗaki. Wa zai buɗe baki?

Kai dai duba wayon. Jini da gumi a cikin izin ɗin mutum, amma in an tambaye shi sai ya ce ai ba yaransa ba ne, a je wajen ɗan kwangila. Shi kuma wani lokaci ya riga ya miƙa aikin ga wani ɗan kwangilar. Ni a ganina nan ne tushen zaluncin, ya fi ƙarancin kuɗin muni.

Kar ka ce hukuma ba ta sani ba. A 2019 masu binciken aiki na jihar da wannan gari yake sun shiga mayanku 30. A 26 sun tarar da manyan laifuka. Har an samu masu aikin awa 16 a yini. Wani limamin coci, Peter Kossen, ya yi shekaru yana faɗa. Nama dai ya ci gaba da arha a kanti.

Sai ga cutar korona. A watan Yuni na 2020 aka gwada ma'aikatan izin ɗin, fiye da 1.500 sun kamu. Ba abin mamaki ba ne. Mutane kafaɗa da kafaɗa cikin ɗakin sanyi, iska ɗaya na zagayawa, da dare kuma a kwana a cunkushe. Aka rufe izin wajen mako huɗu. Aka tsare mutum kusan 7.000 a gida. A garin Verl har shingen ƙarfe aka zagaya wa gidajen ma'aikata. Aka rufe makarantun yankin duka, ƴan gari suka fusata.

Nan ne fa aka motsa. Ministan aiki na lokacin, Hubertus Heil, ya kai doka majalisa, aka amince da ita a watan Disamba. Daga shekarar 2021, duk mai babbar mayanka dole ya ɗauki masu yanka da masu sarar nama da sunansa. Dole kuma na'ura ta rubuta awoyin aikin kowa. Ƙananan mahauta masu ma'aikata ƙasa da 50 ne kawai aka ware. Doka ce mai kyau. Abin da ke ci mini rai shi ne, sai da ciwon ya tsallaka ya taɓa ƴan gari aka tuna baƙin nan mutane ne. Ashe wata shida ya isa a gyara abin da aka yi shekaru ana kallo.

Kai ma wata rana wani zai zo ƙauye ya ce yana da aiki a Libiya ko Abijan, shi zai biya mota, shi zai ba da masauki. Kafin ka ɗaura kaya, tambaye shi: hannun wa zan karɓi kuɗina? Me za a cire? In na ji rauni, wa zai kai ni likita? In ya fara kame-kame, nemi sunan mai aikin na ainihi, ka sa a rubuta maka shi a takarda gaban shaidu.