Martani: Masunta Ba Lakurawa Ba Ne

Malam, na karanta ra'ayinka cewa sayo wa 'yan sanda garkuwa da harsashin roba ɓarnar kuɗi ce, tun da Lakurawa da manyan bindigogi suke yawo. Wa ya ce a tunkari waɗanda suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, a Nuwamba 2024, da kulki?

Ka zo bakin kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi. Dubban masunta sun jeru da homa da gora, wasu sun ƙosa su faɗa ruwa tun ba a ba da izini ba. Ɗan sandan da ke bakin gaɓa, in bindiga kaɗai ke hannunsa, ko ya zuba ido, ko ya harba cikin taro. Haka in mai taɓin hankali ya zaro wuƙa a kasuwar Birnin Kebbi. Kisa ne maganinsa?

Ƙa'idar rundunar 'yan sanda kanta, Force Order 237, wadda aka gyara a 2019, ta mai da harbi matakin ƙarshe. To matakan farkon da me za a ɗauke su? A sayo garkuwa da ankwa da barkonon tsohuwa, kuma a horar da masu riƙe su, don barkonon ma yana jawo mutuwa in aka harba shi cikin cunkoso.