Lissafin Markov da Masu Rabon Tallafi

A shekarar 1913 wani shehin malamin hisabi na ƙasar Rasha, Andrey Markov, ya ɗauki littafin waƙar Pushkin mai suna Eugene Onegin, ya bi haruffa 20,000 na farkonsa ɗaya bayan ɗaya yana rarrabe wasali da baƙi, har ya sami wasula 8,638 da baƙaƙe 11,362. Ƙidayar haruffa kam daɗaɗɗen aiki ne, domin Al-Kindi ya yi ta a Bagadaza tun ƙarni na 9 don warware rubutun asiri. Abin da Markov ya ƙaro shi ne duban maƙwabtaka, inda ya tarar cewa in wasali ya gabata, sau 13 kacal cikin 100 wani wasalin ke biyo shi, alhali kuwa in baƙi ne ya gabata, wasali kan biyo kamar sau 66. Daga waɗannan adadi biyu kaɗai, ko ba a sake buɗe littafin ba, hisabi na fitar da cewa rabon wasula zai tsaya wajen 43 cikin 100, kuma haka ƙidayar ta nuna.

Ƙa'idar da ya kafa tun 1906, yana raddi ga Pavel Nekrasov wanda ya yi da'awar cewa adadi ba ya daidaita sai a al'amuran da ba su rataya da juna ba, ita ce: duk abin da ke jujjuyawa tsakanin halaye, muddin ana iya kaiwa ga kowane hali daga kowane, kuma yawan shiga da fita bai sauya ba, to, in zamani ya tsawaita rabon kowane hali zai zauna a kan miƙdari guda, ko daga ina aka faro. Wannan ba shiga gaibu ba ne, don bai san makomar mutum ɗaya ba. Al'adar da Allah Ya gudanar a kan jama'a ce yake aunawa. A kanta ma aka gina hanyar da Google ya fara jera shafukan intanet a 1998.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne yadda hukumomi da attajiranmu ke yaƙi da fatara. Mu ƙaddara wani gari, a bisa misali kawai, inda kowace shekara magidanta 10 cikin 100 na marasa bashi ke faɗawa bashi, 30 cikin 100 na masu bashi kuma ke kuɓuta. Hisabi ya hukunta cewa rubu'in garin ne zai dawwama cikin bashi. To, a ce wani mai alheri ya zo ya biya wa kowa, aka yi kiɗa, aka ɗauki hotuna, garin ya kwana babu mai bin kowa. Shekara na zagayowa mutum 10 cikin 100 sun koma, ta biyu sun zama 16, ta uku sun kusa 20, a hankali har a komo ga 25 ɗin nan, domin mafari kawai kyautar ta canza, ƙofofin kuwa suna nan yadda suke. Amma da an rage masu faɗawa daga 10 zuwa 5, ta hanyar asibiti mai sauƙin kuɗi da rumbun da zai hana manomi karyar da hatsinsa da kaka ya sayo shi da tsada da damina, da rabon ya sauko zuwa ɗaya cikin bakwai ya zauna can. Ban raina sadaka ba, wallahi, ladanta na wurin Allah, kuma mai yunwa yau yake jin yunwarsa. Hukumar da ke kiran rabon buhuna tsarin tattalin arziki ita nake tuhuma.

Akwai kuma sharaɗin da ya fi tayar mini da hankali. In aka sami hali guda da ake shigarsa ba a fita, komai ƙanƙantar ƙofarsa, hisabi ya ce ƙarshenta kowa can zai tare. Manomin da jinya ta sa ya sayar da gonar gado, da yarinyar da aka cire daga makaranta ba ta da hanyar komawa, sun kusanci irin wannan hali ƙwarai, kuma wajibi ne a fara toshe waɗannan ƙofofi tun kafin a zauna rabon kasafin kuɗin baɗi.