Baƙin Kaka A Fadamar Dagona

Idan watan Nuwamba ya kama, an gama yankan gero, dawa tana jiran girbi, iskar hunturu kuma ta soma busawa daga gabas, to, shamuwa ta riga ta bar sheƙarta ta nufi ƙasashen gabashi da kudancin Afirka. Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san zuwanta da tafiyarta. Amma kaɗan ne suka lura cewa daidai lokacin da take sallama, waɗansu baƙin ne ke sauka, tsuntsaye dubbai daga Turai da Rasha waɗanda sanyi ya koro daga ƙasashensu.

Babban masaukin waɗannan baƙi a Nijeriya shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. A cikin wannan fadama ne tafkin Dagona yake, a ƙasar Bade ta Jihar Yobe, ba nisa da Gashuwa. An keɓe shi musamman domin tsuntsayen ruwa, yana kuma cikin Gandun Dajin Tafkin Chadi na tarayya wanda aka kafa a 1991. Marigayi Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya taka har can a 1989 domin ya gane wa idonsa.

Mai son kallon tsuntsaye ba ya bukatar kaya masu yawa: madubin hangen nesa, littafin hotunan tsuntsaye, alƙalami da takarda, sai tufafi marasa ɗaukar ido. Sauran duk haƙuri ne. Yakan isa bakin ruwa bayan sallar asuba, ya ba rana baya domin haskenta ya faɗa kan tsuntsayen ba kan idonsa ba, ya zauna shiru. Da gari ya soma wayewa zai fara jin fiton kirinjijiya, sa'an nan ya ga dinya da zalɓe da balbela, watau 'yan gida. Can cikin ruwa kuwa ga ƙananan agwagin Turai garke-garke, ga wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini. A bakin taɓo ga waɗansu masu dogayen ƙafafu, waɗanda suka yi ƙwai a arewacin Turai da Rasha, yanzu suna kalar shinkafar da ta zube a gonaki. Nan za su zauna har Maris ko Afrilu, sa'an nan su koma.

Tafiyar da suka yi ba ƙarama ba ce. Sun ƙetare Bahar Rum, sun ƙetare Sahara mai faɗin fiye da kilomita 1,500, inda ba ruwa ba inuwa. Akwai ƙananan tsuntsayen da nauyinsu bai wuce giram 12 ba, waɗanda sukan ci abinci su tara kitse har nauyin nan ya kusa ninkuwa, kitsen ya zama guzurin hanya. Sukan iso a rame, fadama ce zangon farko da za su sami ruwa da abinci. Masana sun gane hanyoyinsu ne ta wajen ɗaura musu ɗan zobe mai lamba a ƙafa, in an sami tsuntsun a wata ƙasa sai lambar ta faɗi inda ya fito.

Wani zai ce kallon tsuntsu aikin marasa aikin yi ne, ko kuwa shagalin Turawa. Manomin Haɗeja ma yana da hujjar da ta fi wannan ƙarfi, domin tsuntsun da ya fi sani shi ne jan baki, wanda kan cinye gonar shinkafa ko ta gero cikin 'yan kwanaki. Kukansa gaskiya ne. Sai dai jan baki ɗan gida ne, ba ya cikin baƙin da ake magana. Kallon nan kuwa yana da amfanin da ya wuce nishaɗi, gama mai kallo yana ƙidaya, ƙidayar kuwa tana ba da labari. A 1969 masu kallon tsuntsaye a Ingila suka lura fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo ba daga Afirka. Da aka bi sawu sai aka tarar fari ne a ƙasashen Sahel ya hallaka su, farin da ya ci gaba har ya kai ga babbar yunwar 1973. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Haka abin yake a fadamar Haɗeja. Rayuwarta ta dogara ne ga ambaliyar da kan cika ta a Agusta da Satumba, ta janye a hankali da kaka. Idan ruwan ya ja baya, masunci ya kama kifi, manomi ya shuka a danshi, makiyayi ya sami ciyawa da rani, tsuntsu kuma ya sami abin tsattsaga. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma shekarun fari, filin da ambaliyar ke rufewa ya ragu ƙwarai. Bugu da ƙari, ruwan da ake saki daga madatsun da rani ya hana waɗansu wurare bushewa, sai ciyawar kachala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama mafakar jan bakin da manomi ke kuka da shi. Abin da ya ƙuntata wa baƙon tsuntsu shi ne ya ƙuntata wa talaka.

Darasi mafi ɗaci shi ne na gauraka. Shi ake ɗauka tsuntsun ƙasa na Nijeriya, a dā kuma ana ganinsa garke-garke a fadamun Arewa. Yau da wuya a gan shi a daji, saboda lalacewar fadamu da kamun da ake yi masa ana sayar wa masu hali su yi ado da shi a gidajensu. Yara da yawa sun san sunansa, ba su taɓa jin kukansa ba.

A shekara ta 2000 an sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, Dagona da Baturiya ta Jihar Jigawa suka bi baya a 2008. Suna a takarda abu ne mai kyau, amma ba ya cika tafki. Wajibi ne hukumomin da ke riƙe da madatsun su riƙa sakin ruwa daidai da lokacin da fadama ta saba samunsa, a ci gaba da yashe hanyoyin da kachala ta toshe, hakimai da dagatai kuma su tsawata wa masu kama tsuntsaye a wuraren da aka keɓe. Ya kamata makarantun Gashuwa da Nguru da Haɗeja su riƙa kai ɗalibai bakin ruwa da kaka, su koyi sunayen tsuntsayen da Hausa daga bakin masunta, su kuma koyi ƙidayarsu.

Bahaushe ba ya jifan shamuwa, yana barinta ta yi sheƙa a tsakiyar gari domin baƙuwa ce mai albishir. Baƙin kaka ma sun cancanci irin wannan karimci. Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne. Nan da watan Afrilu za su tashi. Ko za su tarar da masauki baɗi, wannan yana hannun masu gida.