Mabuɗin Rumbunmu Yana Hannun Wa?

Shugabannin ƙungiya, da dattawanmu na kara, da dukkan 'yan'uwa fatake na nan Gadarif da Shuwak da Galabat, muna neman a ba mu fili a wannan fitowa domin mu yi magana a kan wani abu ƙarami a ido, wanda kuma yake cin dukiyarmu a ɓoye.

Kowa ya san yadda sana'ar nan ta koma. A da falke yana tafe da jakar fata a rataye, a cikinta akwai takardar allurar rigakafi, da rasit na haraji, da takardar damin wadda ke shaida cewa dabbar nan ba ta sata ba ce. Yanzu kuwa yaranmu sukan ɗauki hoton takardun nan su zuba a rumbun intanet, galibi Google Drive, sannan su aiko da wani dogon layi na haruffa ta WhatsApp, wanda muke kira rabit, samarin Kano kuma su ce linki. Ka taɓa shi, takarda ta bayyana. Haka ake faɗa. To amma mu da muke kan hanya mun san cewa yau ya buɗe, gobe ya ƙi, jibi ya buɗe wa abokinka ya hana ka.

A damina da ta wuce motarmu ɗaya ta raguna ta kwana a wani shinge a kan hanyar Kasala. Direba ya taɓa rabit ya fi a ƙirga, abin ya ce ba shi da izni. Jami'in da ke wurin bai yi laifi ba, shi takarda ya nema. Yaron da ya zuba takardun yana gona, wayarsa a kashe. Kafin a same shi gari ya waye, raguna sun galabaita, biyu sun faɗi, wanda ke jiranmu a Sawakin ya rage mana farashi. Abin da ya fi mana ciwo ma shi ne kallon da aka riƙa yi wa direbanmu, kamar wanda ya ɗauko kayan sata. Daga baya da muka bincika, sai muka tarar shabaka lafiyarta ƙalau a wannan rana. Laifin namu ne.

Wannan shi ne abu na farko da muke so mu faɗa. Mun saba da ɗora wa shabaka kowane laifi, kuma muna da dalili. An yanke intanet a ƙasar nan daga 3 ga Yuni 2019 har sama da wata guda. An sake yankewa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 har sama da mako uku. A farkon Fabrairu 2024, ana cikin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, layukan Zain da Sudani da MTN suka ɗauke, har Bankak ya tsaya, mutum yana da kuɗi amma ba ya iya sayen buhun dusa. A tsallaken iyaka ma, Habasha ta rufe intanet na waya a yankin Amhara, inda Matamma take, a watan Agusta 2023, aka yi watanni ana haka. Duk wannan gaskiya ne. Amma wanda ya ce kullum shabaka ce, ba zai taɓa gyara abin da ke hannunsa ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Saboda haka idan rabit ya ƙi buɗewa, kafin a fara zage-zage a yi tambaya uku, ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya ta farko: wayar nan tana buɗe wani abu dabam? A gwada aika saƙo, ko a buɗe wani shafi. In komai ya ƙi, to matsalar ta layi ce ko ta kuɗin intanet da ya ƙare. A kusa da Galabat waya takan bar layin Sudan ta kama na Habasha ba tare da mai ita ya sani ba, sai a koma cikin saiti a zaɓi layin gida da hannu. A duba kwanan wata da agogon wayar ma, domin wayar da batirinta ya mutu ta tashi da kwanan wata na bogi takan ƙi buɗe shafuka masu tsaro.

Tambaya ta biyu: yana buɗewa a wayar wani? In ya buɗe wa abokin tafiyarka ya ƙi ka, to maganar izni ce. Mai rumbu yana da zaɓi biyu: ko ya bar ƙofa ga duk wanda ke riƙe da rabit, ko ya taƙaita ta ga mutanen da ya rubuta adireshinsu na Gmail. Ga kuma inda ake yawan ruɗewa. Wayoyinmu da yawa akwai asusu biyu ko uku a cikinsu, na mai waya, da na ɗansa, da na mai gyaran da ya saita ta a kasuwa. Yau rabit ya buɗe da asusun da aka ba izni, gobe ya buɗe da ɗaya asusun, sai a ce an hana. Maganin kawai a sauya asusu. Abin da ya kwanar da motarmu ke nan, wallahi ba wani abu ba.

Tambaya ta uku: shi mai rumbun, yana ganin takardar a wurinsa? In shi ma ba ya gani, to ɓarnar daga tushe take. Wani yaro yakan share wayarsa don ya sami wurin ajiye bidiyo, ya jefa takardunmu cikin kwandon shara na Drive, bayan kwana 30 su tafi har abada, rabit ya mutu a hannun kowa. Wani kuma rumbunsa ne ya cika, domin abin da Google ke bayarwa kyauta gigabait 15 ne, kuma wasiƙu da hotuna duk a ciki suke ci. Tsofaffin takardu na buɗewa, sababbi ba sa shiga. Wani ya ɗauki hoto ya ce ya zuba, alhali wayarsa an saita ta kada ta ɗora komai sai da Wi-Fi, hoton na nan zaune yana jira. Wani kuma ya zuba sabuwar takarda amma ya bar direba da tsohon rabit, aka je shinge aka nuna allurar bara. Akwai kuma wanda ya sauya lamba ko wayarsa ta ɓata, lambar sirri ta shiga asusu tana zuwa tsohon layi, shi kansa ya zama baƙo a ƙofar rumbunsa. A sani kuma tun daga Disamba 2023 Google ya ba kansa damar share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Mun san abin da wasu dattawanmu za su ce: ai ga irinta nan, a bar wannan wasan yara a koma takarda. Muna girmama su, amma ba mu yarda ba. Lokacin da Madani ta faɗi a Disamba 2023, 'yan'uwanmu nawa suka iso garin nan da rigar jikinsu kaɗai? Littattafan bashi da rasitai sun tsaya a shaguna. Waɗanda ke da hoton takardunsu a rumbun intanet su ne suka iya cewa wane na bin wane kaza, aka kuma yarda. Takarda wuta na cinta, ruwa na cinta, ana ƙwace ta a hanya. Ga shi kuma masu saye ba sa wasa da shaidar lafiya. Ba mu manta da Oktoba 2019 ba, lokacin da Saudiyya ta dakatar da karɓar dabbobin Sudan saboda zazzaɓin nan na Rift Valley, kasuwa ta faɗi a kanmu gaba ɗaya. Mai saye a Jidda yana so ya ga takarda tun dabba ba ta hau jirgi ba, jakar fata kuwa ba ta tsallake Bahar Maliya cikin minti ɗaya.

Wasu samarin kuma sukan ce a buɗe ƙofa ga kowa a huta. Su ma ba mu tare da su. Rabit da aka bari a buɗe, duk wanda aka tura wa zai gani, shi ma ya tura gaba. A cikin takardun nan akwai yawan dabbobi, da lambar mota, da ranar tashi, da hanyar da za a bi, da kuɗin da aka biya. A wannan zamani da hanya take yadda take, wanda ya watsa wannan ya yi wa ɓarawo jagora da hannunsa.

To mene ne abin yi? Ga shawarar da muke gabatarwa ga taron ƙungiya mai zuwa.

Na ɗaya, ƙungiya ta buɗe asusu da sunanta, da layin waya nata na kanta, mutum biyu amintattu su riƙe sirrinsa, kamar yadda muke yi da akwatin kuɗi. Bai kamata takardun garke guda su rataya a wayar yaro ɗaya ba, komai kirkinsa. Yaro yakan yi tafiya, yakan yi fushi, yakan sayar da waya.

Na biyu, kowace tafiya a buɗe mata jaka guda, a sa mata sunan mai kaya da kwanan wata, a ba da izni ga direba da wakili da mai saye kawai, iznin gani ba na gyara ba. In an kammala ciniki a rufe.

Na uku, kada mota ta bar zariba sai direba ya buɗe rabit da wayarsa a gaban mai kaya, ya sauke takardun cikin wayar, sannan ya kashe intanet ya sake buɗewa. In sun bayyana babu shabaka, to bismilla. Minti biyar ne. Ai ba ma barin mota ta tashi ba mu duba taya ba.

Na huɗu, takardar asali ta bi dabba kamar yadda aka saba, a cikin leda saboda ruwa, kofi guda kuma ya zauna a ofishin ƙungiya. Hoto mataimaki ne, hatimin likitan dabbobi shi ne shaida.

Na biyar, a ware yini guda a wata, samarinmu da suka iya su zauna da dattawa su koya musu tambayoyi ukun nan. Babu kunya a ciki. Mu muka koya musu gane shekarun sa daga haƙori, su koya mana wannan.

'Yan'uwa, tun muna yara a makarantar Islamiyya malamanmu suka nuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Rubutun da ba a iya fito da shi ranar da ake nemansa bai yi aikin da aka yi shi dominsa ba. Kakanninmu da suka biyo hanyar Hajji daga Sakkwato da Kano da Barno suka zauna a ƙasar nan, jarinsu shi ne amana: in Bahaushe ya ce kaza ne, to kaza ne. Kada mu bari sakacin minti biyar ya sa a riƙa duban ɗan ƙungiyarmu da idon tuhuma a bakin shinge.

Muna roƙon sakatare ya sa wannan magana cikin ajandar taro, kowa kuma ya zo da wayarsa a duba ta a wurin. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a kasuwa. Amin.